Masu kare a gida, ku kula da inabi da zabibi

Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah masu karen gadi da 'yan uwanmu mafarauta na nan Katsina, kar ku bari karenku ya ci inabi ko zabibi, guba ne gare shi, ƙoda yake kashewa kai tsaye. Abin da ke tada min hankali shi ne yara, suna zaune tsakar gida da ledar inabi ko tsarabar Umara, ɗaya a baki ɗaya a jefa ma kare, su a ganinsu kirki suke mishi. Har kek mai zabibi a ciki ku ɗauke.

Likitocin dabbobi a Amurka tun 2021 suke zargin sinadarin tatarik asid da ke cikin inabi da zabibi ne ke yin ɓarnar, kuma akwai shi da yawa cikin tsamiya, to ragowar kunun tsamiya ma a daina zuba mishi.

Babu wani adadi da za a ce ba ya illa, wani kare 'yan ƙwaya kaɗan sun ishe shi. Da fari amai ne, galibi kafin awa 24, sai zawo, ya ƙi abinci ya kwanta laƙwas, bayan kwana 1 zuwa 3 fitsari ya ragu ko ya ɗauke gaba ɗaya, a nan kuma ceto yana wuya wallahi.

In kun ga ya ci, kar ku jira alama, kar ku ɗura mishi manja ko ruwan gishiri. Ku kai shi asibitin dabbobi cikin awa 2 a sa shi amai, a ba shi maganin gawayi, a sa mishi ƙarin ruwa, kuma ku faɗa ma likita lokacin da ya ci da yawan abin.