Yadda Ake Karɓar Sabon Shiga A Zauren Ƙwararru Na Intanet

Baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya shigo zauren da ya tara injiniyoyi ko masu fassara daga ƙasa ƙasa bai san wa ake ji da shi ba, bai san maganar da aka riga aka kashe ba. Amsar farko da ya samu ita ke zaunar da shi ko ta kore shi.

Da farko, kada sallamarsa ta kwana ba amsa. Ka yi masa maraba da sunansa kamar yadda ya rubuta shi. A nan da yawa ke tuntuɓe, domin a Sin da Koriya sunan dangi ne ke zuwa gaba. Tambaye shi yadda yake so a kira shi, kuma kada ka gutsure sunan don ya yi maka nauyi a baki.

Daga nan ka nuna masa ƙa'idojin zaure, ka damƙa masa ɗan aiki mara wuya. A GitHub, shafin da ake haɗuwa a yi aikin manhaja tare, masu manhajoji kan yi wa ƙananan matsaloli alama ta musamman don sababbin shiga su fara da su.

Sai batun lokaci, wanda ni a ganina ya fi komai jawo saɓani. In ka rubuta 03/04, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, mutumin Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Rubuta sunan wata ɓaro-ɓaro, ka sa lokacin taro da agogon UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya. Ranakun hutu ma ba ɗaya ba ne: a Masar da Saudiyya Juma'a da Asabar ne. Wanda ya yi shiru ba lallai raini ba ne, wataƙila dare ne ya tsala a wajensu.

In ya yi tambayar da aka sha amsawa, ba shi amsar tukuna, sannan ka nuna masa inda tsohuwar tattaunawar take. A 2018 Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ya fara sanya wa sababbin shiga alama don a riƙa sassauta musu. Gyaran kuskure kuwa a keɓe ake yin sa, ba a bainar jama'a ba. Kada ka kama shi da laifin nahawu. Mai yiwuwa harshensa na uku yake rubutu da shi. Kai ma ka taƙaita jimloli, ka rage barkwanci, don na'urar fassara kan jirkita shi.

Bayan mako guda ka sake leƙa shi, ka haɗa shi da mutum ɗaya mai irin sana'arsa.