Yadda za ka zana labarin sabuwar ɗaliba mai neman wuri a sakandare

In kana son yin littafin labari mai zane a kan yarinya ko yaron da ya shiga sabuwar sakandare yana ta neman inda zai raɓa, to dan Allah ajiye fensirin nan tukuna. Yawancin masu farawa a nan suke maƙalewa, mutum sai ya cinye sati biyu yana gyaran idon jarumarsa da gashinta, labarin kuwa ko shafi ɗaya babu.

Fara da inda ke mata ciwo. Ba wai "ba ta da ƙawaye" ba, wannan ai kowa zai faɗa. Me take ɓoyewa takamaimai? In'ina take yi ne shi ya sa ba ta ɗaga hannu a aji ko ta san amsa, ko yanayin maganarta ne ya bambanta da na sauran, ko yunifom ɗin yayarta ne aka rage mata kuma ta san an gane? Dubi littafin labari mai zane Smile na Raina Telgemeier da ya fito a 2010, gaba ɗayansa a kan haƙoran gaban ita marubuciyar guda biyu da ta ji wa rauni ya tsayu, da shekarun da ta yi tana zaryar wajen likitan haƙori. A American Born Chinese na Gene Luen Yang kuma, wanda ya fito a 2006, yaron da ke cikin labarin har gashinsa ya canza don ya yi kama da wani ɗan ajinsu farar fata. Ƙaramin abu ne da ido ke gani, kuma irinsa kake nema, tunda zane za ka yi.

Da ka samu wannan sai ka rubuta labarin a takarda ɗaya tak, farko da tsakiya da ƙarshe. Daga nan ka ɗauko wata takardar ka ja ƙananan shafuka kamar girman akwatin ashana, ka tsara kowane shafi da mutanen kara-kara, kai da layi kawai, ba ido ba hanci. Wallahi wannan matakin shi ne aikin, don a nan ne za ka gane shafi na biyar bai da amfani ka yage shi ba tare da zuciyarka ta yi zafi ba, saɓanin a ce ka riga ka kwana uku kana masa tawada.

Yanzu ga abin da na fi damuwa da shi. Kaɗaici ba a rubuta shi, nuna shi ake yi. Kar ka sa mata balan-balan ɗin tunani, wato da'irar nan da ake rubuta magana ko tunanin mutum a ciki, tana cewa "ni kaɗai ce, ba mai sona". A'a. Ɗauki lokacin birek. Ja akwati ɗaya babba, wato murabba'in da ake zana hoto a ciki, ya cinye faɗin shafin, ɗalibai rukuni-rukuni, balan-balan ɗin surutunsu na hawa kan juna har ba a iya karanta wasu, ita kuma ka sa ta can gefe ƴar mitsitsiya a bakin ƙofa. Akwati na biyu ka matso kan hannunta kawai, ta damƙe igiyar jaka. Na uku ta durƙusa tana ɗaure igiyar takalmin da dama a ɗaure yake. Ko kalma ɗaya ba ka sa ba amma duk wanda ya taɓa zama sabon zuwa sai ya ji abin a ƙirjinsa, don ya san wannan ɗaure takalmin na ƙarya, shi ma ya yi irinsa.

Farin filin nan da ke tsakanin akwati da akwati ma aiki yake, mai zane Scott McCloud ya yi masa dogon bayani a littafinsa na 1993 a kan labarai masu zane, mai karatu ne ke cike abin da ya faru a wurin da kansa. Ka nuna ta buɗe baki za ta yi magana, akwati na gaba aji duk sun juyo suna dariya, ba sai ka nuna me ta ce ba. Sannan duk abin da kake so ya ba mai karatu mamaki kar ka ajiye shi a shafin dama inda ido zai hango tun kafin a iso, kai shi bayan an juya shafi.

Maganar balan-balan kuma, fara rubuta kalmomin kafin ka zana mutanen, in ba haka ba za ka ƙare kana cusa magana a kan fuskar mutum. Wanda zai fara magana ya tsaya ta hagu, don ido daga hagu zuwa dama yake bi, daga sama zuwa ƙasa. Kuma ka rage surutu, yara ƴan shekara sha huɗu sha biyar ba sa jawabi, rabin magana suke yi su haɗiye sauran, "ba komai" ɗinsu ma cike yake da komai.

In makarantar ta masu yunifom ce za ka sha wuya wajen bambanta su, to ka bambanta su ta yadda suke sa shi. Wannan ya naɗe hannun riga, waccan jakarta a kafaɗa ɗaya kullum, wancan dogon wuya gare shi yana tafiya a sunkuye. Gwada cike kowannensu da baƙi ƙirin kamar inuwa, in har ba ka gane waye waye ba to da sauran aiki. Kuma masu tsangwamarta kar ka mai da su dodanni, ba wa shugabar rukunin akwati ɗaya ita kaɗai tana duba waya fuskarta a sake ba fara'a, ya isa. In daga rayuwarka ka ɗauko labarin ka canza sunaye da kamanni sosai, mutanen nan suna nan da ransu.

Kayan aiki ba wani abu ba ne, fensir da rula da baƙin biro mai kyau sun isa, in a waya ko kwamfuta ne akwai manhajojin zane irin su ibisPaint da Krita, sai dai in kana da niyyar bugawa ka saita shafin a 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto a bugu, tun farko. Kar ka ce shafi 200 za ka fara da shi, yi 8 ko 12 ko 16, don littafin da ake ninkewa a ɗinke ta tsakiya hurhuɗu shafukansa ke tafiya.

Ƙarshen labarin kuma ina roƙonka kar ka mai da ita tauraruwar makaranta kowa na tafa mata, yaran da za su karanta sun san ba haka ake yi ba. Maimaita wancan babban akwatin na birek, komai yadda yake, sai dai a wannan karon wata ta ɗauke jakarta daga kan benci ta matsa kaɗan. In ka gama ka miƙa wa wani ɗan sakandare ya karanta a gabanka, kar ka yi masa bayanin komai, kai dai ka kalli inda ya tsaya ya koma baya, ka sa wa shafin alama ka je ka sake tsara shi.