Darasi na Bakwai: Fara Kamun Kifi da Kayak da Zaɓen Jirgin da Ya Dace da Kai

Kayak ƙaramin jirgin ruwa ne siriri, yawanci na mutum ɗaya. Mai tuƙa shi yana zama ƙasa-ƙasa, dab da ruwa, ƙafafunsa a miƙe gaba. Filafilinsa baki biyu gare shi, ya tsoma na dama, ya tsoma na hagu. A nan ya bambanta da kwalekwale, wanda aka fi tuƙawa da filafili mai baki ɗaya.

Mutanen can ƙuryar arewacin duniya ne suka ƙirƙiro shi, wato Inuwit da Aliyut da danginsu na Girinlan, Alaska da arewacin Kanada. Sukan haɗa ƙashin jirgin da itace ko ƙasusuwan manyan dabbobin teku, su lulluɓe shi da fata, su shiga farauta da shi. Tun asali ke nan an yi shi ne don neman abinci a kan ruwa. Daga shekarun 1970 aka fara zuba shi da roba mai tauri, kuma yawancin kayak ɗin kamun kifi na yau da irin wannan roba ake yin su.

Masu fatsa suna son sa domin ba shi da ƙara, kifi ba ya jin zuwansa. Yana shiga ruwan da bai kai gwiwa ba, yana ratsa ciyawar da jirgi mai inji ba zai kusanta ba, kuma ba ya shan mai. Sai dai ƙanƙantarsa ita ce haɗarinsa. Shi ya sa wannan darasi ya daɗe a kan zaɓen jirgi kafin ya zo ga kifi.

Fara duba ruwan kafin jirgin

Kafin ka kalli kowane jirgi, tambayi kanka: a wane ruwa zan fi yin fatsa? Ƙaramin tafki mai kwanciya daban, kogi mai gudu da kwana-kwana daban, babban tafki ko bakin teku mai iska da igiyar ruwa shi ma daban. Babu jirgi ɗaya da ya fi kyau a dukkansu. Ka zaɓa don ruwan da za ka riƙa shiga kowane mako. Mutane da yawa sukan sayi dogon jirgin teku saboda wata tafiya da suke fatan yi wata rana, sai ga su suna fama da shi a ɗan kogin da ko juyawa ba ya iya yi.

Irin jirgin

Akwai wanda ake zama a kansa. Samansa a buɗe yake, cikinsa kuma rufaffe ne, cike da iska. Yana da ƙananan ramuka da suka ratsa daga sama zuwa ƙasa, duk ruwan da ya fantsamo sai ya zurare ta cikinsu da kansa. In ya kife, ka birkito shi, ka hau, ba sai ka kwashe ruwa ba. Akwai wurin ajiye akwati a baya, akwai wurin kafa sandar fatsa. Wannan nake ba sabon shiga shawara ya saya, ba tare da wani kokwanto ba. Aibinsa biyu ne: ya fi nauyi, kuma jikinka zai jiƙe.

Akwai wanda ake shiga cikinsa, ƙafafu su ɓuya a ƙarƙashin rufi. Ya fi sauƙin ɗauka, yana kare mutum daga iska da sanyi. Amma in ya kife ruwa yakan cika shi, kuma komawa ciki a tsakiyar ruwa aiki ne da sai an koya sosai.

Na uku shi ne wanda ake hura wa iska. Ana naɗe shi a sa a jaka, don haka ya dace da wanda ba shi da wurin ajiya ko motar ɗauka. Iska takan tura shi da sauƙi, kuma sai an kula da ƙugiya da wuƙa.

Tsawo da faɗi

Yawancin kayak na fatsa tsawonsu tsakanin mita 3 ne zuwa mita 4 da 'yan kai. Gajere yana juyawa da wuri, yana da daɗin sha'ani a matsattsen wuri, amma ba ya sauri, kuma kansa yakan riƙa karkata dama da hagu da kowane tuƙi. Dogo yana tafiya a miƙe, yana yanka igiyar ruwa, yana cin nisa ba tare da ya gajiyar da kai ba, sai dai juyawa ke masa wuya. Wanda bai tsai da shawara ba, jirgi mai tsawon wajen mita 3 da rabi zai yi masa aiki a wurare da dama.

Faɗi shi ke ba da natsuwa. Na fatsa yakan kai santimita 75 zuwa 90. Mai faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi ba ya rawa a ruwa mai kwanciya, wani ma har a tsaye ake jefa ƙugiya daga kansa. Amma fa natsuwar jirgi iri biyu ce, kuma a nan ake yawan ruɗuwa. Ta farko ita ce wadda kake ji da zarar ka zauna. Ta biyu ita ce yadda jirgin ke riƙe kansa bayan ya karkata gefe. Mai shimfiɗaɗɗen gindi ya fi a ta farko, amma in igiyar ruwa ta ɗaga shi ta gefe, yakan bi ta ya karkata gaba ɗaya. Mai ɗan zagayayyen gindi yakan tsorata sabon shiga da rawa, alhali a ruwa mai motsi ya fi jurewa. Saboda haka kada ka yanke wa jirgi hukunci a minti na farko. In mai sayarwa ya yarda, ka sa shi a ruwa mara zurfi, ka zauna, ka karkata shi a hankali, ka ji inda yake tsayawa.

Lissafin nauyi

A jikin kowane jirgi, ko a takardarsa, an rubuta iyakar nauyin da zai ɗauka. Wannan lamba ita ce ƙarshen ƙarfinsa, ba a so a kai gare ta. Masu wannan harka sukan tsaya a wajen kashi uku cikin huɗu. In aka wuce haka, jirgin yakan nutsa fiye da kima, ruwa ya riƙa shigowa ta ramukan ƙasa, tuƙi ya yi nauyi.

Bari mu yi lissafi. A ce an rubuta kilo 180. Raba 180 gida 4, ka sami 45. Ninka 45 sau 3, ka sami 135. To, kai da kayanka duka kada ku wuce kilo 135. In nauyinka kilo 80 ne, kayan fatsa da ruwan sha da anga (ƙarfen tsai da jirgi) kilo 25, jimla 105 ke nan. Wannan jirgi ya ishe ka, har da ragowar wurin kifi. In kuwa kilo 120 aka rubuta, kashi uku cikin huɗu 90 ne, ya yi maka kaɗan.

Akwai wani nauyi kuma da ake mantawa da shi, nauyin jirgin kansa. Kayak na fatsa yakan kai kilo 25 zuwa 45, masu feda, wato waɗanda ake tuƙawa da ƙafa, sukan wuce haka. Kai ne za ka ɗaga shi, ka kai shi bakin ruwa, ka dawo da shi bayan ka gaji. Ka gwada ɗaga shi kai kaɗai kafin ka biya kuɗi. Jirgin da sai ka nemo mutum biyu kafin ya motsa, a gida zai riƙa kwana. In ya ɗan fi ƙarfinka, akwai ƙaramin amalanke mai taya biyu da ake ɗora bayansa a ja.

Ka zauna a kujerar ma, ka daɗe. Mai fatsa yakan yi awa huɗu ko biyar a zaune. Kujera mara majingina mai kyau takan kori mutum daga ruwa tun kifi bai fara ci ba. Ka tabbata ƙafarka ta kai matakinta, gwiwarka a ɗan lanƙwashe.

Filafili ko feda

Kamfanin Hobie na Amurka ya fito da kayak mai feda a 1997, wanda ake tuƙawa da ƙafa. Amfaninsa a fili yake, hannu biyu suna kan sandar fatsa, jirgi yana tafiya. Amma ya fi tsada, ya fi nauyi, kuma abin da ke ƙasansa yakan sarƙe a ciyawa ko ya taɓa ƙasa a ruwa mara zurfi. Ni dai ina ganin mutum ya fara da filafili. Ko mai feda ma dole ya ɗauki filafili, domin ranar da fedar ta lalace da shi zai koma gida. Jirgi mai faɗi yana son dogon filafili, wajen santimita 230 zuwa 250, don kada hannu ya riƙa bugun gefe.

In na hannu za ka saya

Ka kifa shi, ka duba gindinsa, musamman can baya inda ake jan sa a ƙasa. Ƙarce-ƙarce ba komai ba ne, amma wurin da ya siɗe har ya yi laushi abin gudu ne. Ka leƙa cikin ramukan zurarar ruwa, nan tsagewa ta fi ɓuya. Robar da ta koɗe ta yi fari-fari ta sha rana, kuma rana tana sa roba ta yi gautsi. Don haka kai ma in ka saya, a inuwa za ka riƙa ajiye shi.

Abin da ba a shiga ruwa sai da shi

Rigar kariya daga nutsewa. A jiki ake sa ta, a ɗaure, tun daga gaɓa har a dawo. Wadda ke ajiye a bayan kujera ba ta ceton kowa, domin kifewa ba ta sallama. Ko gwanin iyo ne kai, ka sa ta. Mutum yakan faɗa ruwa zaren fatsa ya naɗe masa ƙafa, ko jirgi ya buge shi a ka, ko sanyin ruwa ya ɗauke masa numfashi. Ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyos yana iya sa mutum ya shaƙi ruwa ba da son ransa ba a daƙiƙun farko, ko da rana tana haskawa a sama. Ka yi sutura don sanyin ruwan da za ka iya faɗawa.

Ka rataya usur a jikin rigar. Ka ɗauki tocila, ruwan sha, hula, ƙaramar wuƙa ta yanke zare, da waya a cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Ka ɗaure filafili da jirgi da 'yar igiya. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo. Ƙasashe da yawa suna neman lasisin kamun kifi, wasu ruwaye kuma suna da lokacin hani, sai ka tambayi hukumar da ke kula da ruwan kafin ka fara.

Koyi kifewa kafin ka koyi kamu

Ranar farko ka bar sandar fatsa a gida. Ka tafi da wani, ku sami ruwa mai kwanciya, kusa da gaɓa. Ka koyi tafiya gaba, komawa baya, tsayawa da juyawa. Ka riƙa juya ƙugunka tare da filafilin, domin in da hannu kaɗai kake ja, za ka gaji da wuri. Babbar doka ita ce kanka ya tsaya a tsakiyar jirgi. Duk inda kai ya leƙa, jiki zai bi shi.

Daga nan ka kifar da jirgin da gangan, a inda ƙafarka ba ta taɓa ƙasa amma gaɓa tana kusa. Ka birkito shi. Ka zo ta gefen kujera, ka bar ƙafafunka su taso saman ruwa a bayanka, ka harba su, ka ja cikinka kan jirgin a gicciye. Sai ka mirgina ka zauna, sannan ka shigo da ƙafafu. Ka maimaita har jikinka ya saba. In ka kasa hawa jirgin nan a ruwa mai kwanciya, kada ka yi nisa da gaɓa da shi tukuna.

Fita fatsa

Duba yanayin iska kafin ka fito. In ka ga kan igiyoyin ruwa yana fari, ko hadari ya haɗo da walƙiya, ka haƙura, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Iskar da ta fi haɗari ita ce mai kaɗawa daga gaɓa zuwa tsakiya, domin a bakin ruwa ba ka ganin ƙarfinta sai ta yi nisa da kai. Ka fara tafiya kana fuskantar iska, ko kana haura kogi, don dawowa ta zo da sauƙi lokacin da ka gaji. Ka nisanci madatsar ruwa, ko da 'yar gajera ce, ruwan ƙasanta yana juyawa ya riƙe mutum. Ka nisanci hanyar manyan jirage, ba lalle su gan ka ba.

Sanda ɗaya ta isa da farko, mai tsawon wajen mita 2, yadda in kifi ya bi ta ƙarƙashin jirgi za ka iya zagayo da zaren ta gaban jirgin. Ka sassauta birkin manaɗin zare. In babban kifi ya kama, ka sa bakin sandar ya fuskanci gaba, ka bar shi ya ja jirgin har ya gaji. In ƙugiya ta maƙale a ƙasa, kada ka fizge ta ta gefe, domin zaren na tsinkewa za ka tafi ta ɗaya gefen. Ka jawo kifi har jikin jirgi, ka ɗebo shi da 'yar koma, ba tare da ka leƙa ba.

Anga ƙarfe ne da ake jefawa don tsai da jirgi. Igiyarta ta kai aƙalla ninki uku na zurfin ruwan, kuma ta gaba ko ta baya ake ɗaure ta. In ka ɗaure ta a gefe a ruwa mai gudu, ruwan zai danne gefen ya kifar da kai. A kogi mai ƙarfi sabon shiga kada ya jefa anga sam.

Aikin yi

An rubuta kilo 160 a jikin wani jirgi. Nauyin mai saye kilo 85 ne, kayansa kilo 30. Nemo kashi uku cikin huɗu na 160, ka faɗi ko jirgin ya dace da shi, da kilo nawa ya rage wa kifi.

Rubuta jimla uku a kan ruwan da kake son fara fatsa a ciki: girmansa, gudunsa, da inda iska ta fi zuwa. Daga nan ka rubuta irin jirgin da za ka zaɓa da tsawonsa, ka karanta wa abokan karatunka dalilinka.