Kurakuran da aka fi yi wajen saita lezar diyod mai giretin a waje

Mai aiki da leza irin ta Littrow, wadda giretin (faranti mai siraran layuka da ke rarraba haske bisa launi) ke mayar da wani ɓangare na haskenta kai tsaye cikin diyod ɗin da ke fitar da shi, ya san wannan ciwon kai: haske na zaune daidai, kwatsam ya yi tsalle ya bar zangon da ake so, wato tsawon igiyar hasken. Yawancin ɗalibai sukan ɗora laifin a kan na'urar kulle, wadda ke riƙe leza a zango ɗaya, alhali matsalar tana ga hasken da giretin ke mayarwa cikin diyod.

Daga nan ya kamata a fara. Idan giretin ya ɗan karkata sama ko ƙasa, hasken da ya dawo ba zai shiga bakin diyod sosai ba. Rage lantarki zuwa ƙasa kaɗan da inda leza ke kamawa, ka juya sukurun da ke karkata giretin sama da ƙasa a hankali har haske ya haska farat ɗaya. Sake rage lantarkin, ka maimaita, ka ɗan taɓa ruwan tabarau, har ka kai mafi ƙarancin lantarkin da take kamawa. Mutane da yawa suna tsayawa a haskawar farko, kuma a ganina babu gaggawar da ta fi wannan tsada.

Kuskure na biyu shi ne tura piyezo, ɗan abin da ke motsa giretin idan an ba shi lantarki, shi kaɗai. Idan tazarar diyod da giretin santimita 2 ce, zangunan da leza za ta iya zama a kansu suna da ratar gigahaz 7.5. Diyod ɗin ma tana da nata zangunan. Ka motsa ɗaya ka bar ɗaya, tsalle ya zama dole. Haɗa siginar piyezo da lantarkin diyod su riƙa tafiya tare.

Zafi kuwa haƙuri yake so. A diyod ta nanomita 780, digiri ɗaya kan matsar da zango kusan rubu'in nanomita. Manna ma'aunin zafi dab da diyod, ka rufe akwatin saboda iskar na'urar sanyaya ɗaki, ka jira ya lafa kafin ka taɓa komai.

Kada ka manta da aisoleta, na'urar da ke hana haske komawa cikin leza, domin ɗan hasken da ya dawo daga madubi ko bakin faiba (zaren gilashi mai ɗaukar haske) ya isa ya hargitsa leza. Kada kuma ka kama diyod ba tare da ɗaura wayar ƙasa, mai zubar da cajin lantarkin jiki, a hannu ba.

Sai bayan duk wannan ake kulle leza a layin rubidiyam, wato zangon hasken da sinadarin rubidiyam ke sha, wanda faɗinsa kusan megahaz 6 ne. Ƙara ƙarfin kullen sannu a hankali. Da siginar ta fara rawa, ka ja baya kaɗan.