Yadda ake tara tsofaffin kujeru ba tare da an kai gara gida ba

A Garwa da Marwa da Ngaundere na arewacin Kamaru, har Injamena, akwai kujerun katako da kushin na da masu kyau da aka jingine a zaure ko bayan ɗaki, saboda masu su sun koma kujerun roba da manyan kushin na yayi. Wanda ya san abin da yake nema zai same su da araha. Sai dai yawancin sababbin shiga da na gani wuri biyu suke faɗuwa: wajen duba katako kafin su biya, da kuma hannun mai gyara.

Ka fara da sanin abin da ke akwai a ƙasar nan. A wajen dillalan duniya, sai abu ya kai shekara 100 ake kiransa kayan tarihi. Mu kuwa mafi yawan abin da za ka tarar na tsakanin 1950 ne zuwa 1980: kujerun falo masu hannun katako da matashi biyu, kujerun ofis, kujerar kwance mai naɗewa ta dattawa, kujerun ƙarfe na gidajen shan shayi, sai 'yar tsugunno da aka sassaƙa daga gungume guda. Zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kansa tukuna. Ni a ganina kujerun falo na katakon maɗaci ko loko su ne mafari, don gyaransu bai da wuya kuma gara ba ta cika son loko ba.

Wurin nema ba kanti ba ne. Ka yi sabo da kafintoci da masu ɗinkin kushin, domin wajensu ake barin tsohuwar kujera idan an ɗinka sabuwa. Ka sa kunne a gidajen tsofaffin ma'aikatan gwamnati, da na kamfanin auduga, da na jirgin ƙasa a Ngaundere, inda layin dogo ya iso a 1974. Gidajen mishan ma suna rage kaya, haka Turawa masu barin Injamena. Idan kayan gado ne, kada ka biya sai ka tabbata an yi rabo kuma magada sun yarda. Abin da aka ce maka daga fadar lamiɗo ya fito kuwa, bar shi inda ka gan shi. Kujerar sarauta ba ta shiga kasuwa ta hanyar halal.

To, ga ka gaban kujera. Kada ka zauna, kada ka shafa yadin. Kifa ta. Duk gaskiyar kujera a ƙarƙashinta take, inda ba a yi wa fenti ba. Tafi da tocila da ƙaramar wuƙa.

Fara da ƙafafu, don nan gara take shiga. Ƙwanƙwasa kowace ƙafa da ƙotar wuƙar. Katako mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda aka cinye cikinsa kuwa sai ka ji kamar fanko. Gara takan bar fatar waje lafiya lau ta rarake ciki, shi ya sa ido kaɗai bai isa ba. Danna tsinin wuƙar a gindin ƙafa: idan ya nutse ba da wahala ba, an gama da ita. Nemi kuma layin jar ƙasa a lungunan da katako ya haɗu. Bayan gara akwai ƙwaron da ke huda ƙananan ramuka kamar na allura. Shimfiɗa farar takarda, ɗora kujerar, buga ta da tafin hannu. Idan gari mai haske ya zubo, ƙwaron yana nan da rai. Ramukan da suka yi baƙi, babu gari, tsohon ciwo ne da ya warke. Ƙafa guda da ta lalace ana iya canza ta. Idan ɓarnar ta kai katakon da ke riƙe da mazauni, kada ka saya ko da kyauta ce.

Sannan ka duba shekaru. Mai sayarwa zai ce maka ta zamanin Jamus ce. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, aka fitar da su daga garin a 1915, saboda haka kujerar lokacinsu ta haura shekara 100, kuma irinta ba ta yawo a kasuwa. Soson roba da ƙananan ƙusoshin bindiga da ake maƙala yadi da su sun yaɗu ne daga shekarun 1950. Sukuru mai kan gicciye bai fito ba sai a shekarun 1930. Ganin waɗannan ba ya nufin kujerar sabuwa ce, don mai yiwuwa gyara aka yi mata daga baya, amma idan babu tsofaffin ramukan ƙusa a gefen sababbin, to yadin farko ke nan, kuma shekarunta ba su wuce nasa ba. Tsohon aiki za ka ga an fafe rami an zura harshen katako an kafe da turu, kuma goguwar hannu da ta ƙafa tana daidai inda jiki ke taɓawa. Kayan sassaƙa da ake kawowa daga Fumban, wani gari a yammacin Kamaru, akwai gwaninta a cikinsu, amma wasu ana turara su da hayaƙi don su yi kama da tsofaffi. Shinshina, sannan ka goga da jiƙaƙƙen tsumma. Idan baƙin ya biyo tsumman, saye ta a farashin sabuwa.

Wasu suna shiga harkar nan da mafarkin dukiya, don sun ji cewa wani gidan ƙarfe da Jean Prouvé, Bafaranshe mai tsara gidaje da kujeru, ya ƙera, wanda aka kwaso daga Brazzaville, an sayar da shi kusan dala miliyan 5 a New York a 2007. Gaskiya ne, amma kada ka sa kuɗin cefane a kan haka. Abin da zai yiwu ka ci karo da shi shi ne kujerar lanƙwasasshen katako irin ta kamfanin Thonet na Ostiriya, wadda aka fara yi a 1859, ko ta ƙarfe irin ta kamfanin Tolix na Faransa. Dukansu an kwaikwaye su ba adadi, sai ka nemi tambari a ƙarƙashin mazauni.

Lokacin saye mafi kyau shi ne ƙarshen rani, wajen Maris. Hunturu ya riga ya busar da katako, duk gaɓar da za ta saki ta saki, duk tsagewa ta bayyana. Kujerar da ka saya da damina tana iya zama daram a watan Agusta, Janairu na yi ta fara rawa. Wannan ya fi tsanani ga kayan da aka hauro da su daga Duwala ko Yawunde, inda iska ke da laima. Wajen ciniki, lissafa kuɗin gyara da na amalanke tun kafin ka taya, don sau da yawa gyaran ya fi sayen tsada.

Kada kujera ta shiga falo ranar da ta zo. Ajiye ta a rumfa a kan siminti ko bulo, nesa da bango, kamar mako uku, da takarda a ƙarƙashi. Kushin kuwa a buɗe ɗinkinsa a duba kuɗin cizo. Katako zalla ana iya naɗe shi cikin baƙar leda a bar shi a rana yini guda a watan Afrilu, zafin yana kashe ƙwari, amma ban da mai siririn falle da aka manna a sama, don zai ɓamɓare. Maganin katako irin Xylophène a zuba shi cikin ramuka da sirinji, a waje, yara ba sa kusa. Baƙin man mota da ake shafa wa azara, kada ya kusanci kujera.

Wajen mai gyara sai ka tsaya a kansa. Kafinta idan ka bar shi zai kankare katakon tas, ya malala masa banish mai ƙyalli, ya buga ƙusa inci uku a duk gaɓar da ke motsi. Ƙusar nan ita ke tsaga ƙafa. Ce masa: "Malam, a zare gaɓar, a kankare tsohon gam, a sa farin gam na katako, a ɗaure da igiya ta kwana." Launin da shekaru suka ba katako shi ne abin da ka biya, don haka sabulu kaɗan da tsumma mai ɗan laima sun isa, sai a bi da kakin zuma, wanda ake samu da sauƙi a Ngaundere. Ban da man gyaɗa, don yana wari kuma yana kama ƙura. Idan cikin kushin audugar rimi ce da sifirin, a shanya ta a ƙara, kada a zubar a cusa soso. Mazaunin fata kuwa, majema da dukawan Marwa za su yi maka shi, amma ka zaɓi fatar da aka jeme sosai, ka shinshina ta tukuna. Tsohon fentin kujerar ƙarfe yana iya ƙunsar dalma, a jiƙa shi kafin a goge, a rufe hanci.

A gida, nesanta ta da taga mai rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, ka ɗaga ta idan za a matsar, kada a ja. Duk farkon damina ka kifa ta ka sake duba ƙafafun.