Kurakuran da 'yan kwana-kwana ke yi da sauna da gashin haske

A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da ke jawo kansa, musamman ta mafitsara da ta rufin huhu. Ba mamaki ke nan da wasu tashoshin kwana-kwana a Amurka da Kanada suka girke sauna, ɗakin zafi mai kama da siracen da muka sani.

Babban kuskuren shi ne a dawo daga gobara a faɗa ciki da niyyar "a fitar da guba ta gumi". Gumi kusan duk ruwa ne da ɗan gishiri, tace guba kuwa aikin hanta ne da ƙoda. Ga kuma zuciya. Masu bincike a birnin Edinburgh na Birtaniya sun gwada 'yan kwana-kwana 19 a atisayen wuta na minti 20 kacal, suka wallafa a 2017 cewa zafin jikinsu ya hau da kusan digiri ɗaya, bai sauka ba sai bayan awa uku zuwa huɗu, jininsu kuma ya fi saurin daskarewa. Wanda ke cikin wannan hali, ga ƙishirwa, ka sa shi a ɗaki mai digiri 80? Ai an gudu ba a tsira ba. Gyaran shi ne a huce, a sha ruwa sosai, a bar sauna sai ranar hutu, ita ma minti 15 ya isa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita.

Na biyu, shiga da dauɗar hayaƙi a jiki. Gubar da ke cikin baƙin nan da ke manne a wuya da haɓa tana ratsa fata. A goge tun a wurin gobarar, a wanke kayan aiki da ruwa da sabulu, a yi wanka kafin awa guda ta cika.

Masu talla na yawan kafa hujja da binciken da aka yi a ƙasar Finlan aka wallafa a 2015 kan maza 2,315, inda masu yawan shiga sauna suka fi tsira daga mutuwar fuju'a ta zuciya. Amma fa waɗannan ba daga bakin wuta suka fito ba, kuma saunarsu ta gargajiya ce, ba irin mai ɗumama jiki da fitila da aka fi tallata wa tashoshi ba.

Gashin haske kuma, wato zama gaban fitila ta musamman don neman lafiya, iri biyu ake cakuɗawa. Jan haske don tsamin jiki ake amfani da shi, ba ya wanke jini, kuma a rufe ido. Farin haske mai ƙarfi, na gyara lokacin barci, da safe ake zama gabansa kamar minti 30. Wanda ya sauko daga aikin dare yana shirin kwanciya ya kunna shi, to shi da barci sai wani jiƙon.