Kurakuran da Masu Koyon Tabla Suka Fi Yi a Zagayen Tal

Duk wanda ya sayi tabla, gangunan nan biyu na Indiya da ake kaɗawa da hannu, yau, gobe so yake yatsunsa su riƙa gudu irin na shahararren makaɗin tabla Zakir Hussain. Ba ya tuna cewa marigayin, wanda ya rasu a Disambar 2024, tun yana yaro mahaifinsa Alla Rakha yake cusa masa kalmomin kiɗa a kunne kafin hannu ya san fata. Na gaji da maimaita gyara iri ɗaya ga kowane sabon ɗalibi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar tal, wato zagayen bugun da kiɗa ke maimaitawa, a matsayin ƙirge kawai. Ɗalibi ya ji an ce Tintal bugu 16 ne, gaɓa huɗu, kowace gaɓa bugu huɗu, sai ya ɗauka ya gama sani. To ai Jhumra da Dipchandi da Dhamar duk bugu 14 ne, kuma mai kunne ba ya rikita su. Abin da ke raba tal da tal shi ne inda ake tafi, inda ake juya tafin hannu sama ba tare da sauti ba, wato khali, da kuma theka, jerin kalmomin da ake kaɗawa a kowane zagaye. A Tintal ana tafi a bugu na 1 da na 5 da na 13, khali kuma yana faɗawa a na 9. Ga thekar: dha dhin dhin dha, dha dhin dhin dha, dha tin tin ta, ta dhin dhin dha. Ka lura da tin tin ta, ta. Daga bugu na 10 zuwa na 13 gangar hagu, mai babbar murya, shiru take yi.

Wannan shirun ne sababbin makaɗa ke cikewa, wai kada kiɗan ya yi rami. Ni ma ya taɓa cin mini mutunci. A wani ɗan zama na ɗalibai na raka wani mawaƙi a Tintal, hannun hagu yana mini daɗi, na yi ta danna shi daga farkon zagaye har ƙarshe. Mawaƙin ya tafi yawon murya, da ya dawo neman sam, bugun farko da kowa ke haɗuwa a kansa, sai ya sauka a na 9, don rabin farko da rabin biyu duk ɗaya suke a kunnensa. Kallo ɗaya ya yi mini. Bai sake neman in raka shi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mawaƙi ba ya ƙirga ɗaya zuwa sha shida yana tsakiyar waƙa, kunnensa yana wajenka. Idan ya ji gangar hagu ta ɗauke, ya san an ci rabi. Idan ya ji ta dawo a na 14, ya san sam ya kusa. Kai da ka toshe wannan alamar, kamar wanda ya tumɓuke allon hanya ne, sannan ya zauna yana mamakin yadda matafiyi ya ɓata.

Maganina shi ne ajiye gangunan gefe. Ka faɗi thekar da baki, kana tafi kana juya hannu, kana ƙirga sauran bugun da yatsu, har sai ka iya yi ana yi maka magana ba ka ɓace ba. Masu fannin suna kiran wannan padhant. Wasu malaman suna haɗa baki da hannu tun ranar farko. Ni ba na barin ɗalibi ya taɓa fata da abin da bakinsa bai iya ba.

Rupak kuwa tarko ne na musamman. Bugu 7 ne, 3 da 2 da 2: tin tin na, dhi na, dhi na. Sam ɗinsa a kan khali yake. Wanda ya saba da cewa bugun farko dole ya zo da ƙarfi sai ya maka masa dha, ya mayar da shi wani abu dabam. Ka bar shi da sauƙinsa.

Na biyu da ke tayar mini da rai shi ne tihai na kintace. Tihai jimla ce da ake maimaitawa sau uku, dha na ƙarshe ya dira daidai kan sam. Lissafi ne, malam, ba sa'a ba ce. Amma kullum za ka ga yaro ya fara tihai daga inda ya ga dama, da ya hango ba zai kai ba sai ya ja ta ukun, ko ya matse ta, ya faɗo kan sam yana murmushi kamar ba a gane ba. An gane. Masu sauraren kiɗan Hindustani suna riƙe da tal a tafin hannunsu, tun maimaici na biyu sun san inda za ka sauka. Ka ɗauki alƙalami. Daga sam zuwa sam na gaba a Tintal bugu 17 ne idan ka haɗa da na saukar, saboda haka jimla mai bugu 5 sau uku da hutun bugu ɗaya sau biyu ta cika. Daga khali kuwa bugu 9 ne: tita kata dha sau uku, ba hutu. Sauya tal, lissafi ya sauya. Abin da ya zauna a Tintal ba zai zauna a Jhaptal mai bugu 10 ba, wanda ake raba shi 2, 3, 2, 3, khali a na 6.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Ƙara gudu idan an zo tirakita, jerin bugun nan mai sauri, a koma baya idan an zo dha: ka yi atisaye da lehra, ɗan karin da ake maimaitawa da kayan kiɗa irin su harmoniyam ko sarangi (gogen Indiya), na'urar waya ma ta isa. Raina Keherwa mai 8 da Dadra mai 6 wai na waƙoƙin fim ne: su ne dai kunnenmu ya fi sabawa da su daga finafinan Indiya, kuma da su za a fi neman ka raka mutane. Tsalle zuwa Ektal na jinkiri, inda bugu 12 ke miƙewa har zagaye ɗaya ya kusa minti guda, alhali ba ka riƙe shi a matsakaicin sauri ba: ka jira, ba gudu yake ba. Sai kuma zama a kaɗa ba a ɗaura gangar dama kan muryar mawaƙi ba. Gudumar nan da aka haɗo maka da ita, aikinta ke nan, ka daidaita sautin kewayen fatar duka kafin a fara.